Hakkin Ruwa A Kan Mai Kallonsa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya saukar da ruwa daga sama, Ya kafa duwatsu a bayan ƙasa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ba baƙon abu ba ne a ga samari, har da masu aiki a ma'aikatun Sharaɗa da Challawa da Bompai, sun haɗa kuɗin mota ranar hutu sun fita bayan gari shan iska. Mai ƙaramin ƙarfi ya hau Dala ko Goron Dutse ya hangi birni. Waɗansu su nufi Tiga, waɗansu su zarce duwatsun Riruwai a ƙasar Doguwa, inda ruwa ke gangarowa daga kan duwatsu da damina. Masu hali kuwa har Kafanchan sukan je, su ga Matsirga. Sai a ji dattawa sun rabu biyu a kan wannan fita. Waɗansu su ce yawon banza ne da ɓarnar kuɗi, waɗansu su ce ai wanda ya yi kwana shida yana shaƙar hayaƙin inji ya cancanci ya ga inda iska take da tsabta. To, mene ne matsayin wannan fita a Musulunci, kuma me take wajabta wa wanda ya yi ta?

Amsar tambaya ta farko ba ta da wuya. Alƙur'ani mai girma ya yi umurni a wurare da yawa da a yi tafiya a bayan ƙasa a yi duba. A Suratul Gashiya an ambaci duwatsu da yadda aka kafa su cikin abubuwan da ya kamata mutum ya lura da su, tare da raƙumi da sama da ƙasa. A Suratul Anbiya'i an bayyana cewa daga ruwa aka yi duk wani abu mai rai. Saboda haka wanda ya hau dutse ya tsaya gaban ruwa yana zubowa, muddin bai tozarta salla ba, bai ci bashi don tafiyar ba, bai kuma haɗa ta da shashanci ba, bai yi laifi ba. In ma ya yi niyyar tunani a kan ikon Mahalicci, ana fata ya sami lada.

Tambaya ta biyu ita ce mai nauyi. Malamai sun bambanta kallo da tunani. Dabba ma tana kallon ruwa. Tunani shi ne kallon da ya sauka a zuciya har ya sake wa mutum hali. Wanda ya tsaya gaban matsirga ya ce Subhanallahi, ya ɗiba da tafin hannu ya sha, ya yi alwala ya ji sanyi har cikin ransa, ya riga ya yi shaida da bakinsa cewa ruwa mai tsabta ni'ima ce babba. Wannan shaida kuwa tana nan tana jiransa ranar Litinin, sa'ad da ya koma bakin aiki.

Ga dalili. Ruwan da ke sauka daga tuddan kudancin jihar Kano, shi ne ke taruwa ya zama kogin Kano, wanda aka datse a Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Kogin Challawa kuma an datse shi a ƙasar Ƙaraye a 1992. Kogunan biyu suna haɗuwa a kudu da birni, wajen Tamburawa, su wuce Wudil, su nufi Haɗeja da fadamun Nguru, su bi Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi. Tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, birni yake shan ruwan famfo daga Challawa. A bakin wannan kogi aka kafa unguwar ma'aikatu ta Challawa. Dattin ma'aikatun Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa cikinsa. Na Bompai kuwa yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, ya tafi madatsar Wasai a ƙasar Minjibir. A gefen waɗannan rafuka akwai 'yan lambu masu ban ruwa ga latas da kabeji da alayyafo, akwai masunta, akwai Fulani masu shayar da shanu. Watau ruwan da aka je aka yaba a bisa dutse, ɗan'uwansa ne ake zuba wa ruwan jima da na rini a gindin gari.

Duk ɗan makarantar da ya karanta Ahalari ko Ishmawi ko Risala ya san da babin ruwa ake shiga tsarki, da tsarki kuma ake shiga salla. A mazhabar Imamu Malik, ruwan da ake tsarki da shi shi ne wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai sake ba saboda wani abu da ba a saba samunsa tare da shi ba. In ƙasar da yake kwance a kai ce ta sake shi, kamar laka ko kanwa ko gansakuka, ba kome. In abu mai tsarki ne ya faɗa ya sake shi, kamar nono, ana iya amfani da shi wajen al'ada amma ba a ibada da shi. In kuwa najasa ce ta sake shi, to bai halatta ga ibada ba, bai halatta ga sha ko girki ba. Sai mai karatu ya ɗauki wannan ma'auni ya tafi bakin Salanta ko Getsi da rani. Ido zai ga launi, hanci zai ji wari tun daga nesa, ba a bukatar harshe ya ɗanɗana. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya jawo haka ya hana Musulmi ruwan alwala, ya kuma sa guba a abincin wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana yin bawali a ruwan da ke kwance, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Abu Dawuda ya ruwaito gargaɗi game da yin bayan gida a mashaya da kan hanya da inuwa, domin suna jawo wa mai yi tsinuwa. Shi ne kuma ya ruwaito cewa jama'a sun yi tarayya a ruwa da makiyaya da wuta. A Muwaɗɗa Malik akwai hadisin da ya hana cuta da cutarwa, wanda malaman fiƙihu suka gina ƙa'ida sukutum a kansa. In an hana mutum ɗaya ɓata kududdufi da abin da ya fita daga jikinsa, ina ga bututun da ke kwarara dare da rana?

Mai yiwuwa wani ya ce ai da waɗannan ma'aikatu dubban magidanta suke ciyar da iyali, kuma da yawa sun riga sun rufe tun daga shekarun 1980, bai kamata a ƙara wa sauran nauyi ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma babu mai hankalin da zai so a rufe ƙofar abincin wani. Jima da rini sana'o'in Kano ne tun kaka da kakanni. Fatar Kano ta ratsa Sahara ta yi suna har ƙasashen Turai, karofin Ƙofar Mata kuma yana nan har yau. Amma majeman da suna aiki ne da bagaruwa, marina kuma da baba da toka, abubuwan da ƙasa ke iya haɗiyewa. Jimar zamani tana aiki da gishirin kuromiyam, wanda ba ya ruɓewa, sai dai ya kwanta a laka, ya shiga kifi da ganye. Maganin abin sananne ne, watau a tace ruwan kafin a sake shi. Kuɗin tacewa yana cikin kuɗin sana'a, kamar kuɗin fata da na wuta. Wanda ya ƙi biya bai rage kashe kuɗi ba, ya dai ɗora wa ɗan lambu da masunci su biya masa da lafiyarsu. Riba irin wannan akwai hakkin wani a cikinta.

Nauyin kuwa hawa hawa ne. Mafi girma yana kan mai ma'aikata, domin shi ke da iko da dukiya. Sa'an nan hukuma. Bayan an gano sharar guba da aka jibge a Koko a 1988 aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, a 2007 kuma aka kafa NESREA domin tilasta bin doka. Dokoki suna nan, jami'in da ya karɓi na goro ya kau da kai ya ci amana. Lebura shi ne mafi ƙarancin laifi, amma in an sa shi buɗe bututu da tsakar dare don kada a gani, ya san abin da ake ɓoyewa ba alheri ba ne, kuma yana da baki, yana da ƙungiya. Limaman masallatan da ke cikin waɗannan unguwanni su ma suna da rabo, domin attajiri da lebura sahu ɗaya suke tsayawa ranar Juma'a.

Akwai darasi kuma a gada. A waɗansu ƙasashe masu yawan ruwan sama akan yi gadar katako a yi mata rufi, kamar ta garin Lusan a Suwizalan wadda aka gina tun ƙarni na 14. Amfanin rufin shi ne ya kare katakon daga ruɓewa, domin gadar ta kai ga jikoki. Maginin ya yi wa mutanen da ba zai taɓa gani ba tanadi, irin tanadin da Musulunci ya kira sadaka mai gudana. Mai zuba guba a kogi shi ma yana aika wa mutanen da ba zai taɓa gani ba saƙo, a Wudil da Haɗeja da gaba, kuma shi ma aikinsa yana gudana bayansa.

Saboda haka masu fita kallon ruwa su ci gaba da fita. Sai dai a hanyar komowa, in mota ta iso gadar Tamburawa, ya kamata a leƙa ƙasa a dubi kogin da idon da aka dubi na kan dutse. Suratul Mulki ta rufe da tambayar wanda zai kawo wa mutane ruwa mai gudana in nasu ya ƙafe. Suratur Rum kuma ta danganta ɓarnar da ke bayyana a tudu da ruwa ga abin da hannayen mutane suka aikata, ta ce ana ɗanɗana musu sashensa ne ko sa komo.

Allah Ya ba shugabanni ikon tsayar da gaskiya, Ya sa wa masu sana'a albarka a halaliyarsu, Ya shayar da bayinSa ruwa mai tsarki duniya da lahira, amin.