"Ai A Intanet Na Tsinta"

Ƴan'uwa, mai zayyanar allo a Kankiya ko mai zanen lalle a Kusada sai su wuni suna aiki, su ɗora hoton a Facebook don neman ciniki. Wani ya kwafe, ya goge sunansu, ciniki ya koma wurinsa. In an yi magana ya ce tsinta ya yi.

Ni dai ina tambaya: ko tsintuwar gaske, ba shekara guda ake cigiyarta ba? Balle abin da sunan mai shi ke jiki!

Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar cewa shari'a na kare haƙƙin fasaha.

Nemi izini, ka bar sunan. Haƙƙin bawa, sai in shi ya yafe. Allah Ya tsare mu.