Ƙonewa Ba Sharewa Ba Ce

A shekarar 2021 wani mai zane ɗan Ingila, Damien Hirst, ya fitar da zane 10,000 na ɗigo-ɗigon fenti a kan takarda. Kowane zane yana da shaidar mallaka ta kwamfuta, wadda ake kira NFT, rubuce a kundin sarƙa, wato bulokcen. Sai ya ba masu saye zaɓi: ko takarda ko shaida, wanda aka bari kuwa a halaka shi. An zaɓi takarda 5,149, aka zaɓi shaida 4,851. A watan Oktoba na 2022 ya fara cinna wa takardun da aka ƙi wuta a birnin Landan.

To, takarda dai ta zama toka. Shaidun da aka ƙi fa? Su ma an ce an ƙone su, sai dai tasu ƙonewar ta dabam ce. Kundin sarƙa yana ajiye ne a kwamfutoci masu ɗimbin yawa, ana ƙara masa rubutu, ba a goge na baya. Ƙone shaida shi ne a soke ta, ko a aika da ita adireshin da ba mai mabuɗinsa, wannan ma a rubuta shi. Sharewar kanta ta zama sabon layi.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushen da ya san Kasuwar Bodija a Ibadan, inda ake sauke hatsi da wake daga Arewa. Tun daga kafuwar Sabo a 1916, cinikin shanu da goro a kan bashi da amana ya tsayu, kamar yadda Abner Cohen ya bayyana a littafinsa na 1969. In an biya bashi, mai littafi layi yakan ja a kan sunan. Da zai yage shafin, da zargi ya hau kansa, domin shafin ya ɗauko haƙƙin mai saye da mai sayarwa da dillalin da ya tsaya musu.

Wani zai ce ai mai abu shi ke da iko da abinsa, kuma mutum na da haƙƙin ya rabu da aikin da ya daina so. Gaskiya ne, matuƙar aikin yana ɗakinsa. Amma ranar da ya kai shi kasuwa, wani ya ba da kuɗinsa, wani ya shaida, labarin ya fita daga hannunsa. Magana zarar bunu ce.

A nawa ganin, mai zane na iya ƙone zanensa, amma ba shi da ikon cewa bai taɓa yin sa ba. Wanda ya janye aikinsa, ya sanar da jama'a, ya sallami masu haƙƙi, ya yi adalci. Wanda ya nemi ɓatar da sawu kuwa, shafi ya yage a littafin da ba nasa ba ne shi kaɗai.