Hazo a Cikin Gilashi

Hazon da ke kama gilashin tsohuwar kyamara daga ciki yake: ko danshi ya haifi fumfuna, ko man ƙarfen ya yi tururi ya kwanta. Shafar waje banza ce, sai mai gyara ya kwance. Fumfunar da ta daɗe kuwa takan ci gilashin, tabon ba ya fita.

Kashe-kashen 2013 da 2014 sun kulle Musulmin Bangui a unguwar Kilomita Biyar. Ran 30 ga Nuwamba 2015 Paparoma Faransis ya shiga Masallacin Koudoukou, ya kira su 'yan'uwa. Daidai ya yi. Amma gwauruwar da Seleka suka kashe mijinta fa? Ikilisiya tana koya mata gafara. Kada dai a yi mata alkawarin tabon zai fita.