Inuwar Wa Muka Sayar?

Ran nan na bi ta Bompai da tsakar rana, zafi ya ishe ni, na nemi inda zan fake ban samu ba sai gindin katangar wata masana'anta da aka daɗe da rufewa. Ina tsaye sai na tuna cewa a wannan nahiya kakana ya yi noma, kuma a irin wannan masana'anta mahaifina ya yi aikin da ya biya mini kuɗin makaranta. Tambayar da ta zo mini ke nan nake so in kawo gaban 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu: shin mutum yana da ikon ya sare itacen da bai shuka ba, wanda kuma ba shi kaɗai zai sha inuwarsa ba?

Bari mu fara da gaskiya. Bompai ba ta taɓa zama kurmi irin na ƙasashen kudu ba. Gonaki ne masu itatuwa jefi-jefi, ga ɗorawa, ga kuka, ga tsamiya, ga gawo. Wanda yake musu, sai ya saurari sunayen unguwanninmu: Giginyu, Kawo, Rimin Kebe, Tsamiyar Boka, Kurna, Ɗorayi. Har Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, daga kurmin bakin Jakara ta samo sunanta. Watau dai sunayen sun tsira, masu sunayen sun tafi.

Dalilin tafiyarsu kuwa ba ɓoyayye ba ne. Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa. Wajen ƙarshen mulkinsu aka keɓe Bompai domin masana'antu, daga baya Sharaɗa da Challawa suka biyo. Ƙidayar 1963 ta ba birnin Kano mutum wajen 295,000, ta 2006 kuwa ta nuna ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye sun haura miliyan biyu da rabi. Kowane ɗayansu yana bukatar ɗaki, da hanya, da wutar dafa tuwo.

To, a nan ne mai ganin an yi daidai zai ce: ai ciki ba ya jiran inuwa. Ɗorawa tana ba da kalwa sau ɗaya a shekara, masaƙa kuwa tana biyan albashi kowane wata. Ba zan raina wannan magana ba, domin ni kaina da wannan albashi aka rene ni. Wanda ya ƙoshi ne yake da bakin zagin gatari, kuma ba adalci ba ne a ce wa magidanci mai 'ya'ya goma ya kwana a waje don rimi ya rayu.

Amma akwai abin da ya hana ni yarda cewa yawan mutane ne kaɗai ya cinye itatuwan. Wasu masana, cikinsu har da Michael Mortimore da malaman Jami'ar Bayero, sun bincika ƙauyukan da ke kewaye da Kano, inda jama'a suka yi cunkoso ƙwarai, suka buga sakamakon a 1990. Abin da suka tarar ya ba mutane mamaki: itatuwan gonaki ba su ragu ba, duk da farin da aka yi a farkon shekarun 1970. Dalili kuwa shi ne kowane itace yana da mai shi. Manomi ya san gawo yana kaɗe ganye da damina, ya bar wa gero rana, ya kuma ba ƙasa taki. Yakan sassabe reshe ya yi makamashi, amma ba ya taɓa gindi. Haka kuma a ƙasar Maraɗi, tun daga shekarun 1980 manoma suka riƙa barin tohon kututture ya girma a gonakinsu, har aka ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a Jamhuriyar Nijar. Mutane sun ƙaru, itatuwa ma sun ƙaru.

Ashe ke nan ba baki ne ya yi yawa ba, idon da ake duban ƙasa da shi ne ya sauya. Ran da gona ta zama fuloti, ran nan itace ya tashi daga dukiya ya zama cikas. Mai sayarwa ya karɓi kuɗin ƙasa, mai saye ya biya kuɗin ƙasa, amma ba wanda ya biya kuɗin inuwa, domin masu ita ba su halarci cinikin ba: maƙwabci, da matafiyi, da jikan da ba a haifa ba. Hausawa suna yi wa giginya kirari da cewa na nesa ka sha inuwarta, suna nufin zargi. Ni kuwa ina ganin wannan shi ne halin kowane itace, na nesa a zamani ne yake shan inuwarsa. Sayar da abin da ke hannunka amana, ko da da takarda ne, sunansa cin amana.

Abin baƙin ciki kuma shi ne cinikin bai ma yi riba mai ɗorewa ba. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da matsalar wutar lantarki, masana'antu da yawa a Bompai sun rufe, wasu sun koma rumbunan ajiye kaya. Dagwalon da suka zubar a rafin Getsi ya gangara Jakara, inda masu lambu ke ban ruwa. Masana'anta takan mutu cikin shekara talatin, kuka kuwa takan yi ɗaruruwan shekaru tana ba da miya.

Ba cewa nake a daina gini ba. Cewa nake duk wanda ya sare, bashi ya ci, kuma biyan bashi wajibi ne. Mu da za mu fita daga nan mu zama masu auna filaye da masu sa hannu a takardu, mu ne za a tambaya. Ni dai na fara biyan nawa: na dasa tsamiya a ƙofar gidanmu, na kuwa san ba lalle ne in sha kununta ba. Allah Ya sa wanda zai sha ya yi mana addu'a, amin.