Ruwa Ba Ya Tsami Banza



Da yawa daga cikinmu suna tune da watan Maris na shekarar 2010, sa'ad da hazo ya komo bayan an ɗauka hunturu ya wuce. Saƙo ya yi ta yawo a wayoyin hannu cewa za a yi ruwan asid, wai duk wanda ya jiƙe zai kamu da ciwon daji na fata. Hankalin jama'a ya tashi. Amma damina ta faɗi, manoman Birnin Kudu da Gwaram suka shuka gero da dawa, suka girbe lafiya. Jita-jita ce kawai, yaɗa ta kuwa ya saɓa wa doka ta takwas.

Duk da haka, ruwan sama mai tsami gaskiya ne. Idan aka ƙona kwal ko man fetur ko iskar gas, hayaƙin yakan tashi da farar wuta da wasu sinadarai, su gauraya da laimar gajimare, su sauko da tsami. Irin wannan ruwa yakan cinye kwanon rufi, ya raunana ƙasar noma, ya kashe kifi. A shekarun 1960 da 1970 kifi ya ƙare a tafkuna da yawa na Norwe da Suwidin, alhali yawancin hayaƙin daga masana'antun Ingila da Jamus iska ta kwaso shi. A 1979 ƙasashen suka ƙulla yarjejeniya a Janiba, suka rage hayaƙi, tafkuna da dama suka soma farfaɗowa. A ƙasarmu kuwa, doka ta hana ƙona iskar gas a rijiyoyin mai tun 1984, sai da izini na musamman, amma mutanen Neja Dalta sun daɗe suna kukan rufinsu yana tsatsa da wuri.

Mu a nan Allah ya yi mana sauƙi. Ƙurar da ke tasowa daga Sahara tana kashe tsamin ruwan sama, kamar yadda uwargida takan jefa kanwa a miyar yakuwa. To, me ya shafe mu?

A Bisharar Luka, sura 10, wani masanin Attaura ya nemi Yesu ya faɗa masa ko wane ne maƙwabcinsa. Wannan ruwa yana ba mu amsa: duk wanda iska za ta kai masa hayaƙinka maƙwabcinka ne, ko ba ka san sunansa ba. Kuɗin man da ake raba wa jihohi kowane wata, har da Jigawa, daga ƙasar waɗancan masu ruɓaɓɓen rufi yake fitowa. Mun ci moriyar, kada mu toshe kunne ga kukansu.

Sa'an nan mu dubi ƙofar gidanmu. Wanda ya yi babbaka da tsohuwar taya, da wanda ya ƙona leda a bakin kasuwa, da wanda ya juya bututun janareta zuwa tagar maƙwabci, da wanda ya cinna wa daji wuta don neman gafiya, ba za su tsamar da damina ba, amma ƙirjin yaran unguwa ne yake biya. Zuciya ɗaya ce da ta mai masana'anta: riba tawa, hayaƙi na wani.

Paparoma Faransis ya keɓe ranar 1 ga Satumba, tun 2015, domin addu'a saboda kula da halitta. Mu kiyaye ta a majami'unmu, kowane iyali kuma ya zaɓi hayaƙi guda da zai daina tayarwa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu zama amintattun masu riƙon gonarsa. Amin.