Tsohon giyabos da maganar asali

Daga 1961 zuwa 1964 motar Jaguar E-Type na fitowa daga Coventry ta Ingila da giyabos na kamfanin Moss, wanda giyarsa ta farko ba ta da zoben da ke daidaita gudun haƙora kafin su kama juna. In direba ya tura ta mota na tafiya, sai ta yi ta gurzar ƙarfe har kunne ya gaji. A 1964 aka sauya shi da wanda ya fi laushi. Amma yau masu tara tsofaffin motoci wancan mai gardamar suke nema, har da lambar da aka buga a jikinsa, domin a ganinsu da zarar an sauya shi, mota ta bar asalinta.

Maƙeran Omdurman ta Sudan ba haka suke kallon ƙarfe ba. Motar Bedford TJ, wadda aka fara ƙerawa a 1958, ta zama "sifinja" a hannunsu, sunan silifas ɗin soso. Suna tsawaita shasi, su ƙara masa ƙarfi, su ƙera abin da ya ƙare a kasuwa, har ta ɗauki kaya fiye da abin da Bature ya tsara mata, ta ratsa yashi tsakanin Hartum da Kordofan. Bayan shekara talatin da wuya a samu abin da ba a taɓa ba a jikinta, amma mai ita bai taɓa shakkar cewa motarsa ce ba. Ina ganin su ne da gaskiya. Abin da ke riƙe da sunan abu shi ne ɗorewarsa da aikinsa a hannun mutane. Haka ma ƙubbar Mahadin Sudan da ke Omdurman, wadda janar ɗin Ingila Kitchener ya rushe a 1898, an sake gina ta a 1947, kuma masu ziyara ba su kira ta jabu ba.

Wani zai ce to ke nan mai neman tsohon giyabos wauta yake yi, kuma dillalin da ya sa masa sabo ya rantse na asali ne bai cuce shi ba, tunda sabon ma ya fi aiki. A nan ne hujjar ta karye. Mai saye kuɗin tarihi ya biya, wato shaidar cewa wannan ƙarfen ne ya fito tare da wannan motar, abin da walda ba ta iya ƙerawa. Fiƙihun Malikiyya, wanda Sudan da ƙasar Hausa suka yi tarayya a kansa, ya ba mai saye damar mayar da haja in aka rasa sifar da ya sharɗanta, matuƙar yana da wata manufa a kanta, ko da abin da aka ba shi ya fi inganci a idon wasu. Bakaniken sifinja ba ya shiga wannan shari'ar, don ɗinkin waldarsa a fili yake. Wanda zai tsaya gaban alƙali shi ne wanda ya goge lambar wani giyabos ya buga ta Moss a gurbinta.