Yafiya: Tsoro Ce Ko Ƙarfin Zuciya?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, ga tambaya: mutumin da aka zalunta, ya zo ya sami iko, sannan ya yafe, shin rago ne?

Dubi Nelson Mandela na Afirka ta Kudu, wanda ya rasu ran 5 ga Disamba, 2013. Shekara 27 ya yi a kurkuku saboda ya ƙi mulkin wariyar launin fata, mulkin da ya hana baƙin mutum zaɓe a ƙasar kakanninsa. An sake shi a 1990, ya zama shugaba a 1994. Ga soja, ga 'yan sanda, duk a ƙarƙashinsa, amma bai ɗauki fansa ba. A 1995 aka kafa Hukumar Gaskiya da Sulhu: wanda ya yi ta'asa ya fito bainar jama'a ya faɗi dukkan abin da ya aikata, kana a duba yi masa afuwa. Lura da kyau: gaskiya tukuna, sannan afuwa.

Wannan hali ba baƙo ba ne gare mu. Ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan hijira, Manzon Allah (S.A.W.) ya yafe wa Ƙuraishawa alhali suna tafin hannunsa, kuma Bilal Bahabashe, tsohon bawa, shi ya hau Ka'aba ya kira salla. Ashe yafiya sai mai iko, rago kuwa haƙurin dole yake yi.

To, dawo gida Haɗeja. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ruwan da ke malala fadama ya ragu, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Manomi da makiyayi da masunci suna takura juna a wuri ɗaya. In shanu suka ci gona, ko aka nome burtali, wa ake turawa da adda? Kai ne, matashi!

Idan ka yaba wa wancan shugaba, to yi irin aikinsa. Ranar da aka yi ɓarna, kada ka ce "Fulani ne" ko "Haɓe ne". Nemi mai laifin shi kaɗai, a kai magana gaban mai gari da arɗo, a kimanta ɓarna, a biya. In ka sami galaba, ka sassauta, don gobe rijiya ɗaya za ku sha, sahu ɗaya za ku yi salla.

Allah Ya ba mu ikon danne fushi, Ya daidaita tsakaninmu. Amin.